Tambayoyi da Amsoshi kan Koyar da Fomula, Ikweshan da Sunayen Sinadarai a Makarantar Sakandare

Malaman kemistiri da dama sun san wannan yanayi: ɗalibi yana tare da malami muddin ana maganar launi da wari da tafasa, amma da zarar an juya ga allo an fara jera haruffa da lambobi, sai a ga hankalinsa ya yi nisa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sababbin malamai da masu koyon aikin malanta suka fi yi game da wannan sashe na darasi. A cikin amsoshin, atam yana nufin ƙwayar zarra, elemen shi ne sinadarin asali irin su oksijin da baƙin ƙarfe, haɗaɗɗen sinadari kuwa shi ne wanda elemen biyu ko fiye suka haɗu suka samar, kamar ruwa. Molekul rukunin atam ne da suka manne suka zama abu guda, ayon kuma atam ne ko rukunin atam mai ɗauke da cajin lantarki. Fomula ita ce rubutun sinadari da haruffa da lambobi, kamar H₂O, ikweshan kuma shi ne rubutun sauyin da sinadarai suke yi.

Me ya sa ɗalibai masu ƙwazo a sauran darussa suke tuntuɓe idan an zo fomula da ikweshan?

Domin ana neman su riƙe abubuwa uku a lokaci guda, alhali ba a faɗa musu cewa uku ne ba. Alex Johnstone, wanda ya kasance masanin koyar da kemistiri a Jami'ar Glasgow, ya bayyana wannan tun a 1982, inda ya nuna cewa kemistiri yana tafiya ne a matakai uku. Akwai abin da ido yake gani, kamar zaren maganiziyam da ya kama da wuta ya bar farin toka. Akwai abin da ido ba ya gani, wato atam-atam na maganiziyam da na oksijin suna sake zama cikin sabon tsari. Sannan akwai rubutun da ke wakiltar duka biyun, wato 2Mg + O₂ → 2MgO. Malami ya daɗe yana kai-kawo tsakanin matakan nan har ya daina lura cewa yana tsallake daga wannan zuwa wancan, ɗalibi kuwa sau da yawa na ukun kaɗai aka ba shi. Wanda bai taɓa ganin abin ba, bai kuma taɓa zana ƙwayoyinsa ba, haruffan allo ba su da wani abin da suke nuna masa, don haka ba shi da mafita sai karatun aku.

Da me ya kamata a fara, sunaye ko fomula ko ikweshan?

A fara da alamomin elemen, a bi da caji da fomula tare da sunayensu, sannan a zo ikweshan da aka rubuta da kalmomi, a ƙarshe a zo ikweshan na alamomi da daidaita shi. Malamai sukan yi gaggawar isa ga daidaitawa domin ita ce take kama da ainihin kemistiri a idon ɗalibai, amma mafi yawan ikweshan da suka ƙi daidaituwa a hannun ɗalibi, idan aka bincika, za a tarar matsalar tana cikin fomula ne tun daga farko. Wanda ya rubuta NaCO₃ a madadin Na₂CO₃ zai iya kwana yana sauya lambobi ba tare da ya kai ga amsa ba.

Shin wajibi ne ɗalibi ya haddace alamomin elemen duka?

Ba wajibi ba ne. Jadawalin sinadarai na yau yana ɗauke da elemen 118, kuma huɗun ƙarshe da suka cike layi na bakwai sai a 2016 aka tabbatar da sunayensu. Ɗalibin sakandare yana buƙatar 20 na farko, daga haidirojin zuwa kalsiyam, da wasu kamar goma sha biyu da zai riƙa cin karo da su kullum, irin su Fe, Cu, Zn, Ag, Pb, Br da I. Sauran kuwa ya san yadda zai nemo su a jadawali ya ishe shi.

Alamomin da suka fi rikita ɗalibai su ne waɗanda ba su yi kama da sunayen da ake karantawa ba, kuma maganin wannan shi ne a ba su labarin asalinsu. Kafin alamomin haruffa, John Dalton na Ingila yana zana da'irori ne masu ɗigo da layuka, abin da yake da wuyar rubutawa da wuyar bugawa. Jöns Jacob Berzelius na ƙasar Suwidin shi ne ya kawo tsarin haruffa a tsakanin 1813 da 1814, ya ɗauko su daga sunayen Latin. Shi ya sa baƙin ƙarfe ya zama Fe daga ferrum, jan ƙarfe Cu daga cuprum, dalma Pb daga plumbum, azurfa Ag daga argentum, zinariya Au daga aurum, kuza Sn daga stannum, sodiyam Na daga natrium, potasiyam kuma K daga kalium.

Abu guda da bai kamata malami ya yi sassauci a kansa ba shi ne babban harafi da ƙarami. Co elemen ne guda, wato ƙarfen kobalt, CO kuwa iska ce mai guba da kabon da oksijin suka samar. A gyara wannan tun makon farko, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yaya za a fahimtar da ɗalibi bambancin ƙaramar lambar ƙasa da babbar lambar gaba?

Wannan tambaya ta fi duk sauran nauyi, kuma ta cancanci a ba ta darasi guda ko biyu ita kaɗai. Lambar ƙasa tana faɗin mene ne abin, lambar gaba tana faɗin guda nawa ne. A cikin H₂O, lambar 2 tana cewa kowane molekul na ruwa yana da atam biyu na haidirojin manne da atam ɗaya na oksijin. A cikin 2H₂O, lambar da ke gaba tana cewa akwai irin wannan molekul guda biyu, kowanne yana zaman kansa. Idan aka taɓa lambar gaba, yawa ne ya sauya. Idan aka taɓa lambar ƙasa, sinadarin ne gaba ɗaya ya zama wani abu dabam.

Misalin da ya fi shiga kai shi ne na samuwar ruwa. A rubuta H₂ + O₂ → H₂O a allo, a ce ɗalibai su daidaita. Kusan a kowane aji za a sami wanda zai ƙara 2 a ƙasan O ya rubuta H₂O₂, kuma ƙidayarsa za ta fito daidai. A nan malami ya tsaya, kada ya ce kuskure ne kawai ya wuce. Ya bayyana cewa H₂O₂ sinadari ne na gaske, haidirojin feroksayid, wanda ake kashe ƙwayoyin cuta da cire launi da shi, kuma mai ƙarfinsa yana ƙona fata. Ɗalibin ya daidaita ikweshan, amma na wani sauyi ne da ba a tambaye shi ba. Amsar da ake nema ita ce 2H₂ + O₂ → 2H₂O. Joseph Proust na Faransa ya nuna tun a ƙarshen ƙarni na 18 cewa kowane haɗaɗɗen sinadari yana ɗauke da elemen ɗinsa a bisa ƙayyadadden kaso, ko daga ina aka samo shi, kuma wannan ne dalilin da ya sa fomula ba abin da za a yi ciniki a kansa ba ne.

Bayan bayani sai zane. A ce kowa ya zana 3H₂, ya zana 2NH₃, ya zana 2O da O₂ gefe da gefe. Malami zai sha mamakin yawan waɗanda suke daidaita N₂ + 3H₂ → 2NH₃ ba tare da tangarɗa ba, amma su zana 3H₂ a matsayin da'irori shida a jere kamar sarƙa, maimakon tagwaye uku a rarrabe. Wanda ya yi irin wannan zane lissafi kawai yake yi, bai shiga kemistiri ba tukuna.

Shin ya dace a koyar da dabarar musanya caji ta gicciye wajen rubuta fomula?

Ya dace, amma bayan ɗalibi ya san dalilinta. Asalin ƙa'idar ita ce haɗaɗɗen sinadari ba ya ɗauke da caji, don haka dole cajin ƙari da cajin ragi su cinye juna. Ayon na alminiyam yana da cajin +3, na oksijin yana da −2. Mafi ƙanƙantar lamba da 3 da 2 suke shiga ita ce 6, saboda haka ana buƙatar alminiyam biyu su ba da +6, oksijin uku su ba da −6, fomula ta zama Al₂O₃. Idan ɗalibi ya yi irin wannan sau goma da hannunsa, shi da kansa zai lura cewa lambobin suna musanya wuri, kuma a lokacin ne dabarar gicciye take zama gajeriyar hanya mai amfani.

Wanda aka ba shi dabarar tun farko ba tare da dalili ba zai rubuta Mg₂O₂ a madadin MgO, ya rubuta Pb₂O₄ a madadin PbO₂. Idan kuma aka ce masa ya riƙa rage lambobi, sai ya wuce gona da iri ya mayar da H₂O₂ ya zama HO, ya mayar da Na₂O₂ ya zama NaO, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ragewa tana aiki ne a kan adadin ayon-ayon, ba a kan cikin ayon ko molekul ba, kuma a feroksayid atam biyun oksijin a haɗe suke a matsayin abu guda.

Cajin da ake buƙata ba sai an haddace su ɗaya bayan ɗaya ba, domin jadawalin da Dmitri Mendeleev na Rasha ya aza harsashinsa a 1869 yana faɗin mafi yawansu: rukuni na 1 suna ɗaukar +1, rukuni na 2 suna ɗaukar +2, rukunin oksijin −2, rukunin kulorin −1. Abin da babu makawa sai an haddace shi ne ayon-ayon masu atam da yawa, kuma ba su da yawa: OH⁻, NO₃⁻, HCO₃⁻, SO₄²⁻, CO₃²⁻, PO₄³⁻ da NH₄⁺.

Yaushe ake sa baka a cikin fomula?

Ana sa baka idan ayon mai atam da yawa ya zo fiye da sau ɗaya. Ca(OH)₂ yana nufin kalsiyam ɗaya da OH biyu, wato oksijin biyu da haidirojin biyu, alhali CaOH₂ zai nuna oksijin ɗaya ne kacal. Atisayen ƙidaya shi ne maganin wannan: Al₂(SO₄)₃ yana da alminiyam 2, farar wuta 3, oksijin 12, jimla 17, (NH₄)₂SO₄ kuma yana da naitirojin 2, haidirojin 8, farar wuta 1, oksijin 4, jimla 15.

Daidai ne a ce wa ɗalibai NaCl molekul ne?

Ba daidai ba ne, kuma kuskure ne da yake da wuyar kankarewa daga baya. A cikin ƙwayar gishiri babu wani sodiyam da ya keɓe da kulorin guda su biyu. Kowane Na⁺ yana kewaye da Cl⁻ shida, kowane Cl⁻ yana kewaye da Na⁺ shida, tsarin yana ta maimaituwa ta kowace fuska. Fomular NaCl tana faɗin kaso ne kawai, ɗaya ga ɗaya. CO₂ da H₂O da NH₃ su ne molekul na gaske masu iyaka. Wannan bambanci yana share fagen fahimtar fomular kaso da fomular molekul, inda gulukos mai C₆H₁₂O₆ da asid na etanoyik mai C₂H₄O₂ duk suke da fomular kaso ɗaya, CH₂O, alhali ba su yi kama da juna ba ko kaɗan.

Wane dalili za a ba ɗalibin da ya tambayi amfanin daidaita ikweshan?

A ba shi sikeli kafin a ba shi dalili, domin gani ya kori ji. Antoine Lavoisier na Faransa, wanda ya shimfiɗa wannan ƙa'ida a rubuce a 1789, da awo ya kafa hujjarsa: idan aka rufe kwalba ruf aka bar sauyi ya auku a cikinta, nauyin farko da na ƙarshe ɗaya ne. Atam ba ya ɓacewa kuma ba ya fitowa daga babu, abokan zama kawai yake sauyawa. Daidaita ikweshan shi ne rubuta wannan gaskiya a takarda.

Gwaje-gwaje biyu suna da amfani musamman domin a zahiri kamar suna ƙaryata ƙa'idar. Idan aka ƙona maganiziyam a ƙaramin kasko mai murfi, tokar da ta rage ta fi ƙarfen nauyi, domin oksijin na iska ya shiga ciki: giram 48 na maganiziyam yana haɗuwa da giram 32 na oksijin ya ba da giram 80. Idan kuma aka gasa kalsiyam kabonet da wuta mai tsanani, nauyi raguwa yake yi, domin CaCO₃ → CaO + CO₂, kuma daga giram 100, giram 56 ne yake saura, giram 44 ya tashi sama a matsayin iska. A bar ɗalibai su yi ta muhawara a kan inda ƙarin ya fito da inda ragin ya tafi kafin malami ya sa baki. A kuma gargaɗe su kada su zuba wa hasken maganiziyam ido kai tsaye, domin yana cutar da gani.

Akwai tsayayyar hanya ta daidaitawa da za a koyar?

Akwai tsari da yake aiki a mafi yawan ikweshan na wannan mataki. A tabbatar da fomula tukuna, sannan a ɗauke hannu daga kansu gaba ɗaya. A fara da elemen da ya bayyana a wuri ɗaya kacal a kowane ɓangare, a bar wanda yake tsaye shi kaɗai, kamar O₂ ko Fe, zuwa ƙarshe, domin shi ana iya sauya lambarsa ba tare da an taɓa kowa ba. Ayon irin su SO₄²⁻ da ya tsallaka ɗaya ɓangaren bai wargaje ba, a ƙidaya shi a dunƙule.

Ƙonewar iskar furofen misali ne mai kyau. A C₃H₈ + O₂ → CO₂ + H₂O, kabon uku suna buƙatar 3CO₂, haidirojin takwas suna buƙatar 4H₂O, oksijin a dama ya zama shida da huɗu, wato goma, saboda haka 5O₂. Da an gama wannan sai a ba su iten, C₂H₆, inda oksijin a dama yake zama bakwai, lambar da ba ta rabuwa biyu. Ɗalibai da yawa a nan suke tsayawa. A nuna musu cewa babu laifi a rubuta 3½O₂ na ɗan lokaci, sannan a ninka komai da biyu a sami 2C₂H₆ + 7O₂ → 4CO₂ + 6H₂O. Hanyar aljabra, inda ake sa a, b, c, d a gaban kowace fomula, tana aiki ko da yaushe, amma a ganina a ajiye ta sai ɗalibai sun ƙware a ƙidaya, domin tana iya fitar da amsa daidai ga wanda bai san abin da yake ƙidayawa ba.

Kada a manta da elemen bakwai da suke zuwa tagwaye idan suna zaman kansu: H₂, N₂, O₂, F₂, Cl₂, Br₂ da I₂. Wanda ya rubuta Na + Cl → NaCl ya daidaita abin da ba haka yake aukuwa ba.

Me ya sa ake amfani da kibiya maimakon alamar daidai, kuma mene ne amfanin ƙananan haruffan da ke cikin baka?

Abin da ke hagu da abin da ke dama ba abu ɗaya ba ne, adadin atam ɗinsu ne kawai ya zo ɗaya, don haka kibiya tana nufin "ya zama". Kibiya mai kai biyu, ⇌, tana nuna sauyin da yake tafiya gaba da baya, kamar haɗa amoniya. Haruffan (s), (l), (g) da (aq) suna faɗin yanayin sinadarin: daskararre, mai ruwa-ruwa, iska, ko narkakke a cikin ruwa. Biyun da ake rikitawa su ne (l) da (aq). NaCl(l) gishiri ne da zafi ya narkar da shi a sama da digiri 800, NaCl(aq) kuwa gishiri ne a cikin ruwa.

Yaushe za a shigo da ikweshan na ayon?

Bayan ɗalibai sun ga sauyin da yake haifar da gari mai kwantawa a ƙasan kwalbar gwaji. A zuba narkakken AgNO₃ a kan narkakken NaCl, farin gari ya bayyana nan take. A sake yi da KCl, a sake da CaCl₂, farin garin dai shi ne. Tambayar da za ta biyo baya ita ce, wane ne yake yin aikin, wane ne ɗan kallo? Daga nan Ag⁺ + Cl⁻ → AgCl yake fitowa da kansa, kuma ɗalibi ya gane dalilin soke Na⁺ da NO₃⁻.

Sabon abin da ake ƙarawa a nan shi ne caji ma dole ya daidaita. Cu + Ag⁺ → Cu²⁺ + Ag ya daidaita ta fuskar atam, amma hagu +1 ne, dama +2, don haka sai an rubuta Cu + 2Ag⁺ → Cu²⁺ + 2Ag. Ɗaliban ajin ƙarshe da suka saba duba caji ba za su firgita da MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5Fe²⁺ → Mn²⁺ + 4H₂O + 5Fe³⁺ ba, domin za su iya tabbatarwa da kansu cewa kowane ɓangare +17 ne.

Yaya za a koyar da sunayen sinadarai ba tare da an mayar da darasin hadda zalla ba?

A nuna wa ɗalibai cewa sunan bayani ne a dunƙule. Kafin 1787 sinadarai suna ɗauke da sunayen da aka laƙaba musu saboda launi ko kamanni ko wanda ya gano su, kuma babu abin da sunan yake faɗa game da abin da ke ciki. A wannan shekara ce Lavoisier da Guyton de Morveau da Berthollet da Fourcroy suka fitar da tsarin da ya sa suna ya riƙa bayyana abin da aka haɗa. A yau ƙungiyar masana kemistiri ta duniya, IUPAC, wadda aka kafa a 1919, ita ce take kula da ƙa'idojin.

Tambayar farko da ɗalibi zai yi wa kansa ita ce, akwai ƙarfe a ciki ko babu? Idan ƙarfe ne da wanda ba ƙarfe ba, ƙarfe yana zuwa farko da sunansa cikakke, na biyun kuma ya ƙare da -ide, kamar sodiyam kulorayid da maganiziyam oksayid, kuma ba a faɗin adadi domin caji ya riga ya ƙayyade shi. Idan babu ƙarfe, ana faɗin adadi da ɗafa-goshin Girkanci, mono da di da tri da tetra da penta, domin elemen biyu suna iya haɗuwa ta hanyoyi da yawa, kamar CO da CO₂, ko PCl₃ da PCl₅.

Idan ƙarfen yana da caji fiye da ɗaya, ana sa lambar Romawa a baka, tsarin da Alfred Stock na Jamus ya gabatar a 1919. FeCl₂ shi ne kulorayid na baƙin ƙarfe(II), FeCl₃ kuma na baƙin ƙarfe(III), kuma yana da kyau a ajiye kwalaben biyu a gaban aji, na farko kore-kore, na biyu rawaya mai duhu. Sai dai wannan misali yana da tarko, domin yana sa ɗalibi ya zaci lambar Romawa tana ƙidaya atam ne. A bi shi nan da nan da jan ƙarfe: oksayid na jan ƙarfe(I) shi ne Cu₂O mai launin ja, na jan ƙarfe(II) kuma CuO baƙi. Caji lambar take faɗa, ba adadi ba.

Sai kuma ƙarshen suna guda uku da suke kama da juna a kunne. Wanda ya ƙare da -ide yawanci babu ƙarin oksijin a cikin ayon ɗinsa, kamar S²⁻. Wanda ya ƙare da -ite yana da oksijin kaɗan, kamar SO₃²⁻, wanda ya ƙare da -ate kuma ya fi shi da ɗaya, kamar SO₄²⁻. Haka NO₂⁻ da NO₃⁻ suke. Malami ya riƙa rubuta su a allo duk lokacin da ya furta su, domin a bakin mai sauri harafi ɗaya ne ya raba biyun farko. A kuma faɗa wa ɗalibai cewa haidiroksayid, OH⁻, ya saɓa wa wannan ƙa'ida, kafin su gano da kansu su daina yarda da ita.

Tsofaffin sunaye za a koyar ko sababbi?

Wanda manhajar jarrabawa ta ɗauka shi ne za a sa a gaba, amma a ambaci ɗayan, domin ɗalibi zai tarar da shi a jikin kwalba ko a wani littafi. Wasu manhajoji suna kiran H₂SO₄ asid na salfurik, wasu kuma suna amfani da dogon sunan da yake ƙidaya oksijin huɗu ya kuma sa VI a baka domin nuna matsayin farar wuta. Ferus da ferik su ne baƙin ƙarfe(II) da (III). Ruwa da amoniya kuwa babu mai kiran su da wani suna a aikin yau da kullum. Ko sunan oksijin kansa tsohon kuskure ne da ya zauna, domin ma'anarsa mai haifar da asid, saboda Lavoisier ya ɗauka kowane asid yana ɗauke da shi, har sai da Humphry Davy ya nuna a 1810 cewa kulorin elemen ne, HCl kuma babu oksijin a cikinsa.

Sunayen sinadaran kabon fa, ta ina za a shiga?

A shiga ta matsalar da ta haifar da tsarin. A ba ɗalibai C₄H₁₀ a ce su zana duk yadda za a iya jera atam ɗinsa, za su sami biyu. C₅H₁₂ yana da uku, C₆H₁₄ yana da biyar, C₁₀H₂₂ kuwa yana da 75. C₂H₆O yana iya zama etanol mai tafasa a digiri 78, yana kuma iya zama wani sinadari dabam da yake iska ne a zafin ɗaki. Idan ɗalibi ya ga cewa fomula ɗaya tana ɗaukar sinadarai da yawa, zai gane dalilin da ya sa masana suka taru a birnin Jeneba a 1892 domin tsara sunayen da za su bayyana siffar molekul. Tushen suna yana faɗin adadin kabon ne: huɗun farko, meth da eth da prop da but, sai an haddace, daga biyar zuwa sama kuma mafi yawansu lambobin Girkanci ne. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar layin da aka zana a miƙe a matsayin sarƙar kabon mafi tsawo, wadda ake ɗauko tushen suna daga gare ta, don haka malami ya riƙa zana molekul ɗaya a lanƙwashe ta hanyoyi uku ko huɗu, ya tambaya ko sunan ya sauya.

Shin a haɗa darasin mol da na ikweshan, ko a raba su?

A raba su da farko. Ɗalibi ya fara karanta 2H₂ + O₂ → 2H₂O a matsayin molekul biyu da ɗaya suna ba da biyu. Idan wannan ya zauna, sai a nuna masa cewa mol ƙidaya ce kawai mai girma, 6.022 × 10²³, kuma kason bai sauya ba: mol biyu da mol ɗaya suna ba da mol biyu, wato giram 4 da giram 32 suna ba da giram 36. Abin da za a sa wa ido shi ne masu ɗaukar lambar gaba a matsayin giram.

Ta yaya malami zai gane cewa ɗalibi ya fahimta, ba hadda ya yi ba?

Ta hanyar juya tambayar. A ba shi zanen akwati mai ƙwayoyi kafin sauyi da bayan sauyi, a ce ya rubuta ikweshan, kuma a sa wasu ƙwayoyi da suka yi saura ba su shiga sauyin ba, a ga ko zai cusa su cikin amsarsa. A ba shi ikweshan da wani ya daidaita ta hanyar sauya lambar ƙasa, a ce ya nuna inda aka kauce ya kuma faɗi dalili. A ba shi sunan sinadarin da bai taɓa ji ba, kamar sitirontiyam naitiret, tare da jadawali, a ga ko zai kai ga Sr(NO₃)₂ ta hanyar lura cewa sitirontiyam yana ƙarƙashin kalsiyam.

Inda babu kayan gwaji na zamani, murafen kwalba masu launi dabam-dabam ko ƙananan dunƙulen yumɓu suna wadatarwa. A ba kowane rukuni baƙi ɗaya, farare huɗu da jajaye huɗu, su gina CH₄ da O₂ biyu, sannan su wargaza su gina CO₂ da H₂O biyu, da sharaɗin kada su ƙara ko ɗaya kuma kada ko ɗaya ya yi saura a kan tebur. Wajen ba da maki kuma a ware na fomula dabam, na daidaitawa dabam, na alamomin yanayi dabam, domin idan aka duba takardun aji gaba ɗaya a san ko darasin caji ne za a maimaita ko na ƙidaya.